Ƙaiƙayi a Gurbin Tsohon Ciwo

A shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki, ni da haƙarƙarina na dama nake fama. Tela ne ni a lokacin, shagona yana gangaren Goron Dutse. Da damina wasu ƙuraje masu ruwa suka feso mini a jere, daga tsakiyar baya suka zagayo har ƙirji, zafi kamar an ɗora garwashi. Bayan sati uku suka bushe, na yi hamdala.

Sai da aka shiga hada-hadar zaɓe, kowa na son sabuwar rigar zuwa taro, sannan wurin ya sake tashi. Wannan karon babu ruwa, babu zafi. Wasu 'yan ƙuraje ne masu sheƙi, launin makuba, sun bi sawun tsohon ciwon sak. Ƙaiƙayi kuwa ba a magana. In taka keke minti biyar, in miƙe, in goga bayana a jikin ƙyaure, in fita bakin titi, in dawo. Har hannun rigar wani Alhaji na ɗinka a baibai.

Na zargi shuɗin yadin da nake sarowa a Ƙofar Mata, na daina taɓa shi. Ban ga sauƙi ba. Na sha saƙe-saƙi, wanzami ya yi mini ƙaho, abin sai ƙara ja yake.

Wata Laraba yayata, wadda ta daɗe tana aikin jinya, ta biyo ta shagon, ta tarar ina susa da gindin almakashi.

"Ɗaga rigar in gani," in ji ta. Ta duba, ta ɓata rai. "Wa ya ce ka bari a tsaga wurin? Gobe da safe ka shirya, asibiti za mu."

"Yaya, ɗinkin mutane fa?"

"Su jira."

A layin asibiti na kasa zama, sai kai-kawo nake. Likitan fata, wani dattijo mai magana a hankali, ya daɗe yana duba wurin.

"Malam, na farkon ƙarambau ɗin da ka yi kana yaro ne ya farka," ya ce. "Wannan ciwo ne daban. Fatar nan ta riga ta wahala, shi ya sa ya sauka a kanta."

"Zai kama iyalina?"

"Ba ya yaɗuwa. Ga man shafawa, safe da yamma. Amma ka daina susa."

Dainawar ce ta fi komai wuya. Matata ta yanke mini farce ƙwal, takan riƙe hannuna in ta ga ya nufi wurin. Wata biyu aka ɗauka kafin ƙurajen su kwanta, suka bar baƙin tabo. Duk Juma'a Yaya takan zo bayan an sauko daga masallaci, ta duba wurin, ta yi mini faɗa kaɗan, sannan ta ci tuwo ta tafi.