Shekarar da Awaki Suka Cinye Aji

Shekara uku na yi a lakol, wato makarantar boko, kafin babana ya ce gona ta fi bukatata. Da wannan tulin ilimi aka naɗa ni shugaban iyayen yara sa'ad da aka buɗe mana kwaleji, tunda ina iya sa hannu ba sai na dangwala yatsa ba.

Kwalejin dai suna ne ya yi mata yawa. Aji ɗaya ne tal, na kara, irin wanda sai an gama girbi ake kafawa. Ɗiyata ta fari na cikin waɗanda suka ci jarrabawar shiga. Direkta, shugaban kwalejin, bai ɓoye mana ba: in mai duba makarantu ya zo ya iske yara sun yi kaɗan, za a rufe, a kwashe su zuwa kwalejin garin Agiye. Ni kuwa ba ni da kowa a Agiye da zai riƙe mini ɗiya mace.

A shekarar ne jam'iyyu suka shigo, gari ya rabu biyu, har gaisuwa ta yi wuya. Mutanen jigawa gero suke nomawa, mu na bakin fadama dawa. Da na bi gida-gida neman kara, na jigawa suka ce ba su yi wa jam'iyyar direkta rumfa. Bawan Allah da ko taron siyasa bai taɓa leƙawa ba! Sai muka kafa aji da karan dawa zalla. Kowa ya san zaƙi gare shi, dabba ba ta ganinsa ta wuce, amma muka ce Allah ya tsare.

Uwar ɗiyata ta leƙa ta dawo, ta ce, "Malam, aji kuka gina ko tuwon awaki?"

Na ce, "Ke dai ba ki yi boko ba."

Rani na kamawa malamai suka shiga yajin aiki, aji ya zauna ba kowa. Ciyawa ta ƙare a daji. Kafin a dawo, awaki sun ci bango har iya ƙirjin mutum, iska ta ɗauke saura.

Direkta ya tsaya bisa filin ya ce, "Shugaba, ina ajin?"

Na gaishe shi da ɗan faransancina, na ce, "Mushe, wasu ɗalibai ne masu ƙwazo suka zo, ba su bar komi ba."

Bai yi dariya ba. Ni ma daga baya na ji ba daɗi.

Karatu ya koma ƙarƙashin gawo. Iyaye na ƙauyuka suka zo ran kasuwa suka ga ƴaƴansu zaune a ƙasa, ba allo, sai kowa ya ja nasa zuwa sharar gona. Tawa ba ta taɓa fashi ba. Da gwiwarta take yin tebur, har ta fara gyara mini faransancina, abin da ban yafe mata ba.

Da mai dubawa ya zo, bai ko daɗe ba. Ya dubi itace, ya dubi yaran da suka rage, ya koma mota.

Na tafi Agiye neman mariƙi. Duk gidan da na yi sallama, sai a ce, "Namiji ne? Ayya, da namiji ne sai ya kwana zaure."

Da na dawo ɗiyata ta tarye ni bakin ƙofa. Ta dubi fuskata, ta karɓi jakata ta kawo mini ruwa. Da safe na ga ta ɗauki hauya ta bi uwarta.