Geron Malama Keziya

Malama Keziya 'yar Filato ce, aikin gwamnati ya kawo ta Gumel, tana koyar da bugun tafireta a wata sakandaren 'yan mata. Gajeriyar mace ce mai tsiwa, ba ta iya ganin zalunci ta haɗiye.

A shekarar 1997 aka kawo wa makarantar kwamfuta guda ɗaya tal. Shugaban makaranta, Malam Sajo, ya lulluɓe ta da farin yadi kamar amarya, ya kafa doka: a tuɓe takalmi a bakin ƙofa, a kalla da ido, ba a taɓawa. To, a ajin akwai Mansura, makauniya daga Sule Tankarkar, wadda mahaifinta ya ce in ba ta koyo abin dogaro da kai ba, wannan zangon ne na ƙarshe. Ita me za ta kalla, don Allah?

Keziya ta sayo ƙaro a kasuwar Maigatari, ta jiƙa, ta manna ƙwayar gero a kan wasu maɓallan don yatsun Mansura su gane hanya. Sauran ɗalibai kuma ta sa suka ɗaure ido da ɗankwali suna lalubo haruffa, su ma su ɗanɗana. Mansura ta buga sunanta, 'yan aji suka karanta mata da ƙarfi, ta yi dariya har da hawaye.

Sai ga Malam Sajo, ya kama baki.

"Malama, gero? So kike ɓeraye su cinye mana kayan gwamnati?"

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan da hannu take gani."

"Ai shi ya sa. Mai lalube ɓarna yake yi. Ta koma baya ta saurara."

Ya sa farce ya kankare geron ɗaya bayan ɗaya, yarinyar tana tsaye tana jin ƙarar. Wannan rashin imani har yau Keziya ba ta manta da shi ba. Ta kai kuka sama, aka saka mata da canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye bayan Gagarawa, inda ko wutar lantarki babu.

Ranar tafiya suka haɗu a tasha, Mansura na rungume da akwatinta. Ta lalubo hannun malamarta ta riƙe gam.

"Malama, Baba ya ce in nuna masa abin da na koya, na rasa abin nunawa. Ba zan dawo ba."