Kuɓewar Inna Mai Jan Ƙyalle

Gidanmu na Kwaciri ba shi da wani tsakar gidan kirki, amma Inna Abu, kakata ta wajen uba, sai da ta yi lambu a cikinsa. Fasassun bokitai da manyan gwangwanayen da babanmu ke kwasowa daga kasuwar Singa take cikawa da ƙasa da kashin awaki, ta jera a jikin katanga. Akwai yakuwa, akwai barkono, amma 'yar gaban goshinta kuɓewa ce, wata gajera mai kauri da jan baki, wadda ta ce irinta daga hannun mahaifiyarta ya fito. Duk shekara 'ya'yan farko da suka fi kyau sai ta ɗaura musu jan ƙyalle, a bar su su bushe don iri. Wanda ya taɓa mai ƙyalle, ranar zai gane Inna ba ta tsufa ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ina firamare. Gari ya cika da fastoci, rediyon babanmu ba ya hutawa. Da an yi sallar magariba an ci tuwo, sai mu kewaye murhu, garwashi da sauran ja, sauro na nasa aikin. Inna ta dubi kwan fitilar da ke rataye ta ce, "An ce farar hula sun dawo. To wutar fa, ita yaushe za a rantsar da ita?" Mu yi ta dariya har da faɗuwa. Sannan ta zungure ni da ƙafa: "Matsa can, mijin banza, ba cefane sai cin tuwo." Wallahi ina son tsohuwar nan.

Ita ba ta buɗe tatsuniya kamar kowa. Cewa take, "Ga ta nan, ta taso daga lambu da laka a ƙafa." Mu amsa, "Ta shigo, mun share mata wuri!"

Wadda na fi riƙewa ta wata mata ce mai gajen haƙuri, Tasalla. Ta shuka kuɓewa da safe, da azahar ta tone ta ga ko ta tsiro. Wani aljani da ke kan tsamiya ya gaji da mitarta, ya ce zai ba ta lambun da in ta tafa hannu sau ɗaya komai ya nuna. Haka aka yi. Ta tafa ta tsinka, ta tafa ta tsinka, ba ta bar ko ɗa ɗaya ya bushe ba, ba ta kuma ba kowa ba. A nan Inna takan tafa, mu ma mu tafa har maƙwabta su yi magana. Ran nan aljani ya yi ƙaura, lambu ya kwanta. Tasalla ta duba tulu ta duba ƙwarya, babu ƙwayar iri. Ta bi gida-gida, kowa ya ce, "Yaushe kika ba mu da za mu ajiye miki?" Sai wata makauniya da Tasalla ta taɓa jefa wa kuɓewa ɗaya don ta bar mata ƙofa, ita ce ta busar da ita ta shuka. A hannunta aka samu iri.

"Kun ji dai," in ji Inna. "Iri ba ya kwana a gida ɗaya. Tatsuniya ta koma lambu, kowa ya tashi ya wanke ƙafa."

Ba a baki kawai take faɗa ba. Tana da ƙawa a Kasuwar Sabon Gari, Mama Chika, 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da manja da busasshen kifi. Duk kaka Inna za ta yagi fasta a bango, ta ƙunshe iri a fuskar wani ɗan takara, mu tafi tare. Mama Chika ta ce, "Inna, nawa?" Inna ta ɓata rai: "Ke, iri ake sayarwa? Ki dai ɗaura ƙyalle."

Bayan rasuwar Inna aka zuba siminti a tsakar gida, aka ƙara ɗaki. Bokitai suka tafi bola, kuɓewar ta bi su. Na daɗe ina jin zafin abin, don duk miyar da na sha ba ta yi yauƙin tata ba.

Yanzu ina da 'ya, Zainab, takwarar Inna. Bara ta sauke wani wasan lambu a wayata: ka share fili, ka shuka, ka yi ban ruwa da yatsa, kafin ka sha shayi tumatir ya nuna. Na ce wa mahaifiyarta, "Lambun aljanin Tasalla ke nan, goge shi zan yi." Ta ce, "Ka goge mana, ai kai na ga kana ba wa karas ruwa jiya bayan asuba." Ƙarya ba kyau, ni ne. Abin da daɗi, babu harbi babu zagi, kuma yarinyar ta koyi jira, don akwai bishiyoyin da sai sun kwana.

Don in wanke kaina na zaunar da ita na ba ta tatsuniyar, na haɗa da labarin kuɓewar da ta ɓata. Sai ta ce, "Abba, a wasan nan in irinka ya ƙare, wurin maƙwabcin da ka taɓa ba wa kake zuwa. Inna ba ta ba kowa ba?"

Kai! Na zauna kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ni da na ji tatsuniyar daga bakin mai ita, sai 'yar firamare da waya ce ta fassara mini.

Ranar Asabar muka shiga Sabon Gari da tambaya. Aka ce Mama Chika ta bar kasuwa, aka kwatanta mana gida. Muka same ta a baranda, ta tsufa tukuf. Na durƙusa na gaishe ta, na ce jikan Inna Abu ne. Ta ƙura mini ido, sai ta buga cinya: "Mijin Inna! Har yanzu ba cefane?" Ta kama hannun Zainab ta ja ta bayan gida. Ga bokitai jere, ga kuɓewa gajera mai jan baki, biyu a ciki da jan ƙyalle. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ina yi ina dariya.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce a kan gaggawa. Yanzu na gane Inna ajiya take yi a hannun mutane, don ta san watarana za a zuba siminti. Wasan kuwa ban goge ba. Ya dace da yaro, ya dace da babba, in dai akwai wanda zai zauna kusa ya ba da labarin ƙasa ta gaske.

Da za mu tafi Mama Chika ta ƙunsa mana iri a takarda. Na sa hannu a aljihu, ta harare ni irin hararar Inna sak.

"Kai, iri ake sayarwa?" Ta juya ga Zainab. "Takwarar Inna, ki dai ɗaura ƙyalle."