Matar da Ta Kulle Kicin, Ta Kuma Faɗa wa Kotu

Shekara ashirin da shida, ƙarfe shida na safe Loretta Pruitt take buɗe ƙofar baya ta gidan ƙungiyar ɗalibai maza da ke titinmu, ta ɗora kofi, ta fasa ƙwan mutum arba'in. Ni ke kai mata burodi, na san halinta: ba ta amsa gaisuwa sai ta shinshina falo. Takan ce, "Duk wanda ya yi mini fara'a da sassafe, akwai abin da ya fasa."

Makon jiya tsofaffin 'yan ƙungiyar suka yi mata walimar ritaya, ritayar da ba ta nema ba. Na ga furanni, na ji jawabai, ban ji dalili ba. Ruwa ba ya tsami banza, bari in faɗi dalilin.

Al'adar gidan ce, ranar karɓar sababbin shiga a haɗa kowane sabo da "wa", wan ya miƙa masa kwalbar barasa ya shanye. Bara da ranar ta zagayo, da rana tsaka, shugabansu Garrett ya leƙo kicin.

"Mama Loretta, yau kar ki ba sababbin nan abinci. Ki kulle ki tafi."

"Azumi suka ɗauka?"

"Haba tsohuwa, wasan nan ne. Kin fi ni saninsa."

Ta san shi ɗin: barasa ta fi saurin kama wanda cikinsa ba komai. Ta kulle, ta tafi.

Washegari ta tarar da wani sabo, Colby Haas, kwance kan kujera, an goya masa jaka cike da littattafai don kada ya juya rigingine ya shaƙe da amansa. Leɓɓansa sun canza launi. Garrett ya sha gabanta.

"Barci yake. Ba mu awa ɗaya mu gyara falon."

"Matsa, ɗan nan, ko in bi ta kanka," in ji ta, ta kira motar asibiti.

Colby ya rayu, amma har yau hannunsa na dama ba ya riƙe cokali.

Da magana ta kai kotu, lauyoyin su Garrett suka ce da hannunsa Colby ya sha, ba wanda ya ɗura masa. Na daɗe ina juya maganar nan. Wanda aka ce wa "sha ko ka fita" a gaban mutum arba'in, hannunsa ne ya ɗaga kwalbar, amma ra'ayin wa ya ɗaga hannun? Yaran kuwa bakinsu ɗaya: ba a shirya ba, ba a san abin ya yi nisa ba. Ni in na ji mutum arba'in suna faɗin magana ɗaya ba saɓani, nakan fara tunanin wa ya koya musu.

Saura Loretta. Wani tsohon ɗan ƙungiyar ya kai mata ziyara har gida, cikin ladabi ya tuna mata cewa wanda ya kulle kicin ma ana iya tuhumarsa, kuma su ke biyanta albashi. Duk da haka ta tsaya gaban alƙali.

"Ranka ya daɗe, wanda bai shirya ba, ba ya hana abinci tun rana. Wanda bai ga haɗari ba, ba ya goya wa mutum jaka. Ni kuma na kulle, na san dalili. A rubuta da ni."

An ɗaure Garrett da wasu biyu. Ita ba a tuhume ta ba, aikin ne ya tafi.

Loretta, garkuwar 'ya'yan wasu, ban ce hannunki fari ne ba, ke ma ba ki ce ba. Shekaru kina juya makullin nan. Amma ke ce kaɗai a gidan da ta faɗi gaskiyar da ta haɗa da kanta, kina sane da abin da za ta jawo miki. Mun gode.

Ku kuma masu girki da shara a sauran gidajen ƙungiyoyin titin nan, sababbin ɗalibai suna tafe. Kun fi kowa sanin ranar. Kada ku jira sai kotu ta tambaye ku.