Yadda Malam Ya Riƙa Gwada Haƙurina

Har yau ban samu amsar wannan tambaya ba: ƙaryar da mutum ya yi wa matarsa don ya koya mata haƙuri, lada ake rubuta masa ko zunubi? Na tambayi malamai biyu. Ɗaya ya yi dariya, ɗayan ya ce in yi wa mamaci addu'a in bar tone-tone. Addu'ar ina yi kullum, da hawaye, amma ni ce matar da aka yi wa ƙaryar, dole in tambaya.

Mai gidana gyaran keke yake yi a wata rumfa kusa da babbar kasuwar Maraɗi, yana kuma da 'yar gona da rumbun hatsi a Tsibiri. Malam nake ce masa, ko da yake karatunsa bai wuce na sallah da abin da yake tsinta a masallacin unguwarmu da ake kira Zariya ba. Mutum ne mai sanyi. Ni kuwa Allah ya hore mani maƙogwaro. In abu ya same ni, kafin in gane mene ne, ihu ya riga ya fita. Ranar da akuyata ta ci leda ta mutu, kururuwar da na yi ta sa mata uku suka shigo suna yi mani gaisuwar rasuwar Malam, shi kuwa yana zaune gindin itacen bedi yana ɓare gyaɗa.

A shekarun da aka buɗe siyasa ne abin ya faru. Parti ya yi yawa, lakwal, wato makarantun boko, yau a buɗe gobe a rufe, ma'aikata suna yajin aiki, kayan masarufi suna ta tashi. Wata rana wasu mutane suka zo unguwa da kwali da labule, suna koya mana jefa ƙuri'a. Kowa ya shiga bayan labule, ya naɗe takardar banza, ya fito ya jefa. Malam ya dawo yana ta tunani.

Ya ce, "Baiwar Allah, na ji a masallaci cewa haƙurin da ke da babban lada shi ne na lokacin da musiba ta fara bugun mutum, ba na bayan ya gaji da kuka ba. Ke kuwa farkonki duk ihu ne. In na riga ki tafiya, haka za ki zubar da ladarki a tsakar gida."

Na ce, "To ya zan yi? Haka aka haife ni."

Ya ce, "Jefa takarda a kwali ma sai da aka gwada mana. Haƙuri ai ya fi ƙuri'a wuya."

Bayan kwana uku ina tuƙa tuwo ya shigo, ya cire hula, ya ce rumbunmu na Tsibiri ya ƙone ƙurmus. Na jefar da muciya, na ɗora hannu a ka, na fita da takalmi ƙafa ɗaya ina kiran ɗan kabu-kabu. Sai da na ɗaga ƙafa zan hau ya riƙe mani mayafi, ya ce, "Gwaji ne. Kin faɗi. Innalillahi ake fara cewa." Ya yi istigfari sau uku saboda ƙaryar, ya koma ciki. Tuwon ranar ya kama tukunya, kuma shi na zuba wa ƙanzon.

Na biyu ya ce saniyar da na ba yayata kiwo a Jiratawa ta ɓata. Na faɗi. Na uku ya ce ɓarayi sun kwashe kwallayen da nake tara wa ɗiyarmu, alhali ina zaune kusa da su ina kallonsu. Wallahi duk da haka sai da na yi ihu.

A na huɗu ne na gane shi. Malam ba ya iya ƙarya da hula a kansa. Sai ya cire ta, ya matse a hannu, sannan bakinsa ke buɗewa. Tun daga nan, da na ga hula a hannu sai in gyara zama, in ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya mayar da alheri," in ci gaba da tsince shinkafata. Malam ya yi ta murna. Har a majalisarsu ya ba da labari, wani dattijo ya ce ko zai karɓi tasa matar a saka ta a wannan karatu.

Ana nan, ranar wani mitin na siyasa, ya shigo da rana tsaka, hula a hannu, ya ce samarin parti biyu sun yi karo a bakin kasuwa, sun bi ta kan rumfarsa, sun rushe ta, famfo da sifanoni duk an watsar an kwashe. Na karanto masa Innalillahi cikin natsuwa, na ƙara da cewa dukiya ai aro ce, na tambaye shi ko zai sha fura.

Ya tsaya yana kallona. Sai na ga ƙura a gemunsa, hannun rigarsa a yage. Ya zauna a kan turmi, ya ce, "Ke yanzu ba ki da tausayi? Rumfar da na yi shekara ashirin a cikinta, fura za ki ce mani?" Sai ga hawaye. Malam ne ke kuka, ni ina riƙe da ludayi. Ashe don ya goge jinin goshinsa ne ya cire hular. Da na gane gaskiya ne, na saki ihun da na tara na wata biyu, har kajin maƙwabta suka watse.

Da ƙura ta lafa muka shiga gardama. Na ce wannan karon na ci, tunda Innalillahi na fara cewa. Ya ce ban ci ba, tunda ban san musiba ce ba, hula na duba. Ya ɗauki maganar ya kai wa liman. Ya dawo kamar wanda ruwa ya daka. Liman ya ce masa ya bar firgita matar mutane da ƙarya, ko da matar tasa ce. Ya kuma ce hawayen ido da ciwon zuciya ba laifi ba ne, abin da aka hana shi ne yage tufa da faɗar abin da zai nuna mutum bai yarda da hukuncin Ubangijinsa ba. Daga ranar gwaji ya ƙare. Ya kafa wata rumfar da buhuna da kara, ya ci gaba da liƙe tayoyi, bai taɓa zagin samarin nan ba.

Ciwon ajalinsa ya zo bayan sojoji sun sake karɓe mulki. Kwana tara ya yi kwance. Ɗiyata da ke rubuta mani wannan ta ce da ya cika Innalillahi ce ta fara fita daga bakina. Maƙwabciyata ta ce daga bakin titi ta jiyo ni. Ina ga duka biyun gaskiya suka faɗa.

A rana ta tara, gab da la'asar, na ga numfashinsa ya sake. Na san in na buɗe baki unguwa za ta taru, ga shi ba na son ya tafi yana ganin wahalarsa ta tashi a banza. Sai na cusa gefen mayafina a baki na cije, ina gurnani kamar tinkiyar da aka ɗaure. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallona. Abin da ya faɗa bayan wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Nawa rabon shi ne:

"Baiwar Allah, cire tsumman nan daga bakinki kada ki shaƙe, a rasa wa za a fara yi wa wanka. Yi kukanki. Amma a hankali, ina son in ji kiran sallah."