Ranar da majalisa ta cika a gonar mahaifiyata

Shekaru masu yawa da suka wuce, tun gashin kaina yana baƙi, na taɓa rufe asibitin ƙauyenmu da bakina. Ban riƙe kwaɗo ba, ban taɓa ƙofar ba, amma ni ne. Jiya na ga matasa suna ta musu a nan kan 'yan majalisa da tsadar magani, shi ne abin ya faɗo mini a rai, na ce bari in ba ku nawa labarin.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin da aka kafa ƙananan hukumomi aka ce kowace mazaɓa ta aika da kansila. Ni a lokacin na yi shekara goma ina aikin jirgin ƙasa a Kafanchan. Ina da babur, ina da agogon hannu, ina jin Turanci daidai gwargwado. Mutanen ƙauyenmu suka ce ai wannan shi zai iya magana da manya. Magana kuwa na iya ta, har ta yi mini yawa.

A ƙananan asibitocin hukuma akwai abin da muke kira katin shekara. Maigida zai biya naira ɗaya a watan Afrilu, a ba shi kati, duk wanda ya kwanta ciwo a gidansa a duba shi a ba shi magani har shekara ta zagayo. Mutanenmu suna son katin nan ƙwarai. Wasu ma a cikin Littafi Mai Tsarki suke ajiye shi don kada gara ta ci.

Ciyaman ɗinmu abokina ne tun makarantar mishan ta Kagoro. Iyayensa suna nesa, don haka duk hutu a gidanmu yake yi, ya ci tuwon mahaifiyata fiye da yadda ni na ci. Shi ne ya kawo kasafin kuɗin shekara, a ciki ya ce kati ya koma naira uku. Ya ce farashin magani ya tashi, kabad ɗin asibiti babu komai sai ƙwayar ciwon kai da jan maganin miki. Gaskiya yake faɗa, amma ni ranar ban zo jin gaskiya ba, na zo da jawabina a aljihu.

Na miƙe na gyara riga na ce, "Ranka ya daɗe, manomin da ya aiko ni nan bai aiko ni in sa masa hannu a aljihu ba. Muddin naira uku tana cikin takardar nan, ƙafata ba ta ƙara taka zauren nan." Na ɗauki hulata na fita, mutum biyar suka biyo ni. Mu goma sha biyar ne, kuma doka ta ce sai goma sun zauna kafin a yanke komai. Muka bar su su tara, suna kallon juna.

Abin da ban lissafa ba shi ne ma'aji. Ya ce babu kasafi, babu kobo. Leburorin hanya suka ajiye shebur, masu sharar kasuwa suka zauna a gida, sito ya daina raba magani. Kafin mako ya zagayo malaman ƙananan asibitoci sun sa kwaɗo. Ni kuwa sai yawo nake a kasuwa ana kira na kansilan talakawa, kaina yana ƙara girma. Duk wanda ya tsayar da ni sai in ce masa gara a rufe na ɗan lokaci da a tsawwala wa mutane har abada.

A lokacin mahaifiyata tana fama da tarin fuka. Kullum da safe ake yi mata allura a asibitin ƙauyenmu, an yi wata biyu ana yi, har ta fara maida jiki. Ranar da aka rufe, malamin asibitin ya same ni a ƙofar gida yana murza hula a hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, allurar Mama ba a tsallake ta. In aka yanke, ciwon zai dawo, kuma in ya dawo ba lallai ya ƙara jin allurar ba."

Na ce masa kada ya damu, na riga na tsara. Akwai asibitin mishan, ina da babur, ina da albashi. Na shiga na sami mahaifiyata tana tsintar acca a faifai, na ce ta shirya, daga gobe ni zan riƙa kai ta.

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Mu nawa ne ke bin layin allurar nan da safe?"

Na ce, "Ban sani ba, Mama."

Ta ce, "Mu bakwai ne. Har da ƙawata Bafulatana mai kawo mana nono. Babur ɗinka zai ɗauki bakwai?"

Na fara yi mata bayanin kasafi da doka da haƙƙin talaka. Ta bar ni har na gaji don kaina. Sannan ta ce, "Ka rufe wa mutane ƙofa, ka zo ka buɗe wa uwarka taga. Ni ba zan bi ta taga ba. Ranar da aka buɗe wa kowa, ranar zan karɓi allura."

Wanda ya san tsofaffin matan wajenmu ya san magana ta ƙare. Na roƙa, matata ta roƙa, Baba Pasto ya zo ya yi addu'a ya roƙa. Ta gode masa, ta ba shi kunu, ta raka shi bakin ƙofa. Na rubuta wa abokina takarda na ce ya janye naira uku, ya amsa da cewa in fara komawa kujerata tukuna. Ban faɗa masa maganar Mama ba, don kada ya ce na zo roƙo. Ku dubi wauta irin ta mai agogo.

Kwana goma babu allura, tarin ya dawo. Wata safiya na ga ta yi saurin ɓoye tsumman da take tofa kaki a ciki, amma na riga na ga jini. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Duk da haka na kasa ɗaukar hulata in koma zauren nan, saboda ina tunanin me mutanen kasuwa za su ce.

Ashe ita ta gama nata shirin. Ruwan farko ya sauka, lokacin shukar citta ya yi, sai na ji ta kira gayya a gonar da mahaifina ya bari. A wajenmu, idan matar da mijinta ya rasu ta kira ka gayya, ba ka da ta cewa. Ko kana gaba da ɗanta, sai ka ɗauki fartanya ka je, in ba haka ba matarka ba za ta iya ɗaga kai a majami'a ba. Ta bi ta zumuntar mata, saƙo ya tafi daga wannan ikilisiya zuwa waccan har ya isa ga matan kansiloli. Ƙawarta Bafulatana kuma ta kai wa Arɗo, wanda shi ma kansila ne, yana cikin waɗanda suka tsaya da ciyaman.

Ranar Asabar da safe sai ga su suna isowa, wasu a keke, wasu a babur, kowa yana harara gefe. Abokina ya zo da motar ofis, ya durƙusa ya gaishe ta, ya cire takalmi ya naɗe wando. Ita tana zaune a kan kujerar tsugunne a gindin ɗorawa, ta lulluɓa da zane. Shukar citta aikin mutum biyu ne, ɗaya ya sara rami, ɗaya ya jefa iri ya rufe. Da kanta ta haɗa mu, duk wanda ya fita daga majalisa ta haɗa shi da wanda ya tsaya. Ni ta ba ni fartanya, ta miƙa wa abokina kwandon iri.

Muka shuka kunya biyu. Ina sara yana jefawa. Can sai tari ya turnuƙe ta, har wata mata ta je tana dafa mata baya. Abokina ya tsaya da iri a hannu.

Ya ce, "Tun yaushe Mama take tari haka?"

Na ce, "Yau kwana goma sha biyu babu allura. Ta ce sai an buɗe wa kowa."

Ya ajiye kwandon a ƙasa ya dube ni. Ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Ka rubuto mini takarda shafi biyu, ba ka sa wannan ba?" Na ci gaba da sara, idona yana yi mini zafi.

Da rana ta yi tsaka aka kira mu gindin ɗorawa. Ga faten acca, ga kunu, ga ƙwaryar nono da Arɗo ya kawo. Kafin kowa ya wanke hannu, mahaifiyata ta dubi abokina ta ce, "Ɗana, ku nawa ake so kafin ku yi maganar asibiti?"

Ya ce, "Goma, Mama."

Ta ɗaga yatsa ta ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai ƙirga awaki da yamma. Ta ce, "Sha ɗaya. Ga ku nan har da gyara."

Abokina ya ce zaman doka sai a zauren majalisa. Ta ce to mu gama maganar a nan, mu kai wa zauren. Sannan ta yi tambayar da babu ɗayanmu da ya taɓa yi. Ta ce wa ya ce a karɓi kuɗin kati a Afrilu? Aka ce mata ai nan ne farkon shekarar gwamnati.

Ta ce, "Gwamnati tana shuka citta? A Afrilu duk abin da muke da shi yana cikin ƙasa, rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin makarantar yara. Naira ɗayar ma da kuke gani, kaza muke sayarwa. Amma a Disamba, in an tsaga citta an shanya, masu saye sun zo daga Kachia da motocinsu, naira biyu ba za ta sa kowa kuka ba. Ku masu albashi duk wata ɗaya ne a wurinku, shi ya sa ba ku gani ba."

Arɗo ya gyaɗa kai ya ce wallahi haka yake har a ruga, a Afrilu shanu sun rame, nono ya yi kaɗan. Ni kuwa sai na ji jawabi yana taso mini. Na miƙe na ce naira biyu ma ai ƙari ne. Mahaifiyata ta ce, "Kai, zauna. Ka yi taka maganar ta rufe asibiti. Yau saurara za ka yi." Na zauna, kansiloli goma suna danne dariya.

Abokina ya ce saura abu ɗaya, da me za a sayi magani daga yanzu zuwa Disamba? Can ya ce akwai kuɗin da aka ware don fentin zauren majalisa da sababbin kujeru masu katifa. Kowa ya juyo ya dube ni, domin kansilan talakawa ne ya kawo shawarar kujerun nan. Na ce a ɗauka, benci bai taɓa kashe kowa ba. Mahaifiyata ta ƙara da cewa cittar da muka shuka yau ba tata ba ce, in an sayar a yanka wa gwauraye da marasa ƙarfi kati da kuɗin. Sai a lokacin ta ce a buɗe abinci.

Ranar Litinin muka zauna mu goma sha biyar cif, aka amince kafin azahar. Ranar Laraba da sassafe ni na ɗauko kwalin magani daga sito, na ɗaure a bayan babur har ƙauye. Na tarar mutane sun cika ƙofar asibiti, matan zumunta suna waƙar yabo, malamin asibiti ya cire kwaɗo ana guɗa. Ya ce, "Mama, ki fara shiga." Ta ce a'a, layi ne, ta tura ƙawarta gaba. Ita ce ta bakwai.

Ta warke sarai. Ta ƙara shekara goma sha tara a duniya, ta ga jikokin da ta yi ta addu'ar gani. Katin Disamba kuwa ya daɗe ana yin sa a wajenmu, har wasu suna cewa ni na ƙirƙiro shi. Na sha yin shiru in karɓi yabon, yau dai na faɗa muku gaskiya.

Har gobe ina ganin naira uku ta yi yawa, ban canza ra'ayi a kan wannan ba. Abin da na koya shi ne, duk ɗan majalisar da zai rufe ƙofa don kare talaka, ya fara zuwa ya ƙirga mutanen da ke bin layi a bakin ƙofar. Ni ban san su bakwai ba ne sai da uwata ta faɗa mini.

Ranar nan da ta fito daga ɗakin allura tana dafe da ƙugu, ta tsaya ta dube ni a gaban jama'a ta ce, "To, kansila, yanzu kawo babur ɗin naka ka kai ni gida." Na ɗauki manyan mutane a babur ɗin nan kafin ranar da bayanta, amma ban taɓa tuƙi a hankali da fara'a irin ta wannan safiya ba. Sau biyu na zagaya da ita ta cikin kasuwa, tana dukan bayana tana cewa gida ta ce.