Zakaran da Goggo Ta Zo da Shi

Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a bayan Kasuwan Garba, goggona, yayar mahaifina, ta iso gidanmu a Kontagora da ƙullin kaya a ka da jan zakara a hammata. Mijinta bai fito ba. Ba ta ba mu labarin yadda aka yi ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Zakaran nan mugu ne. Mace ba ta isa ta yi shanya a tsakar gida ba sai da muciya a hannu. Ya taɓa kafta min ƙaimi a ƙwauri har jini ya jiƙa min silifa. Maigidana ya ce a yanka shi, Goggo ta ce, "A ɗakinsa aka ƙyanƙyashe shi." Mijinta take nufi. Daga nan ba a sake maganar ba.

Da damina ta yi nisa, tsakar gida ya zama taɓo, sai muka ga yana ɗingishi. Tafin ƙafarsa ta hagu ya kumbura kamar goro, da baƙin ɓawo a tsakiya. Duk da haka in ka matso sai ya baza wuya ya yo kanka da ƙafa ɗaya.

Maƙwabciyarmu, wata Kirista 'yar Rijau mai kiwon kaji, ta leƙo ta duba daga nesa.

"Sai an fasa an cire ƙwayar," ta ce. "Amma ya daɗe, Mama. Ya shiga ƙashi."

"A dai gwada," in ji Goggo.

Zani muka jefa masa, na danne shi a cinyata, ina jin zuciyarsa tana bugawa a tafin hannuna. Goggo ta jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri, ta ɗaga ɓawon da sabuwar reza. Mugunya ta fito da wari, sannan wani abu fari mai tauri kamar tsakin masara. Bai yi kuka ba, ta cikin zanin ya sare ni a yatsa. Ta zazzage kafso a ramin, ta shafa man kaɗe, ta ɗaure da tsumma.

Kullum da safe haka muke yi. Kullum ya tsattsage tsumman. Sai kumburin ya haura gwiwa, ɗaya ƙafar ma ta fara saboda nauyin da take ɗauka. Ya daina cara. Ranar da na miƙa hannu cikin akurkin ya bar ni na ɗauke shi ba zani, na san an gama.

"Goggo, kada ya yi mushe," na ce.

Ta daɗe tana kallonsa. "'Yar nan, kira min mijinki."

Ita ta riƙe masa ƙafafun, daga saman ciwon, aka yanka shi a bayan ɗaki. Da na fige shi babu nama, ƙirjin duk ƙashi ne, ƙafar kuma ta yi kore har cinya. Ba wanda ya ce a dafa. Maigidana ya haƙa rami a gindin garu ya binne shi.

Goggo ta wanke hannunta da toka ta shiga ɗaki. Da la'asar, muna tsince shinkafa, ta fara gaya min yadda aka yi a ƙauyen, tun daga ƙarar babura.